Ina Sana'ar Ɗan Jami'a?

Waɗanda suka halarci bikin marabtar sababbin ɗalibai a farkon wannan zango ba za su manta da ƙyallen da aka rataya a ƙofar zauren taro ba. Abin da muka rubuta a takarda muka kai wani shagon buga fasta a cikin gari shi ne, "Muna maraba da baƙinmu." Abin da ya dawo mana kuwa, da manyan haruffa jajaye a kan fari, shi ne muna maraba da bakinmu. Lanƙwasar harafi guda ta faɗi a hanya. Sababbin ɗalibai suka yi ta dariya, wani malami ya tambaye mu ko abincin walimar ne ya sa muke yi wa baki maraba, mu dai muka sunkuyar da kai.

Ba mu ga laifin yaron shagon ba. Sakandare ya gama ya zauna gaban kwamfuta yana neman halalinsa, kuma iyakar abin da aka koya masa ke nan. Laifin namu ne. A ɗakin da aka yanke shawarar yin ƙyallen nan mun fi mu goma, da masu nazarin Hausa, da masu karatun aikin jarida, har da masu karatun kwamfutar kanta, amma ba a sami ko mutum ɗaya a cikinmu da zai iya zama ya tsara ƙyalle mai kamu shida da hannunsa ba. Haruffan nan masu lanƙwasa sun shiga rubutun boko na Hausa tun shekarun 1930, zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya a maɗaba'a. Yau suna cikin wayar da ke aljihun kowannenmu, sai dai in mutum bai nema ba. Ashe abin da ya gagare mu bai gagari masu ɗab'i na zamanin kakanninmu ba.

Wannan abin kunya shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai a kan sana'o'in ƙirƙira da ake yi da kwamfuta. Abin da muke nufi ba wani abu ne mai nisa ba. Shi ne iya tsara shafin littafi ko na mujalla, da zana tambarin kamfani ko fastar taro, da ɗaukar hoto da gyara shi, da yanka fim a harhaɗa, da tace murya, da zanen katun mai motsi, da tsara fuskar manhaja yadda mai amfani da ita ba zai ɓace ba. Duk wannan aikin hannu ne da ido, kamar ɗinki da dukanci da sassaƙa. Kayan aikin ne kawai suka sake.

To, ina dalilin da ya sa ɗan jami'a yake ganin irin wannan aiki bai kai matsayinsa ba? In mun bi sawu za mu tarar cutar ta daɗe. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, akwai sashen koyon sana'o'in hannu a gefen azuzuwan karatu. Amma da yake akawu da malamin makaranta Turawa da En'e suka fi bukata, sannu a hankali sai boko ya zama hanyar tsere wa aikin hannu. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi tebur da kujera, wanda ya faɗi a ce ya tafi ya koyi sana'a, kamar dai sana'a horo ce. Har tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982 don gyara wannan tunani bai yi nisa ba, domin iyayenmu suna ba mu labarin injinan koyon sana'a da aka kai makarantu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu mai koyarwa. A wancan zamani ba a ji zafin abin ba, gama aiki ne ke neman wanda ya gama jami'a, a haɗa masa da gida da rancen mota. Mu da muka zo a baya mun gaji raina sana'a, amma ba mu gaji teburin da kujerar ba. Abin da ke jiranmu tabbas shi ne shekara guda ta hidimar ƙasa, da alawus ɗin da aka ɗaga daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025. Watanni goma sha biyu ne, in sun ƙare sai mutum ya ɗauki takardunsa cikin ambulan ya shiga zagayen ofisoshi.

Mu dubi kanmu kuma. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 suka sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wata goma sha bakwai ke nan cikin shekara uku. Da yawanmu na biyun ya rutsa da mu, kuma in za mu faɗi gaskiya, akasarinmu a majalisa da kallon ƙwallo muka cinye shi, muna zagin gwamnati da malamai. Zagin yana da dalili, amma bai saya wa kowa ko biro ba. Akwai wata 'yar ajinmu da ta yi amfani da watannin nan ta koyi tsara katin gayyatar biki a wayarta, tana kallon darussa da daddare sa'ad da data ta fi araha. Ta fara da bikin 'yar uwarta kyauta, daga nan ƙawayen amarya suka soma nemanta. Da aka koma makaranta ita ta biya wa kanta kuɗin rajista, kuma har yau ba ta fita daga sahun gaba a aji ba. Ba ta fi mu basira ba, kuma wayarta ba ta fi tamu tsada ba.

Wani zai ce, to, kowa ya koma yin katin biki, wa zai saya? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana bukatar mu ɗaga kai mu ga yawan aikin da ke kewaye da mu. Mu ɗauki sana'ar fim ta Hausa. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, sana'ar nan ta bi ta kaset, ta bi ta faifai, ta cika shagunan Ƙofar Wambai, har satar fasaha ta karya kasuwar faifan. Sa'an nan tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, daga baya masu shirya fim suka koma ga dogayen shirye-shirye a talabijin da YouTube, irin su Izzar So da Labarina da suka fito a 2020. Shirin da ke fita kowane mako yana cin hannu da yawa. Sai an sami mai yanka hoto, da mai daidaita launi, da mai tace murya don kada ƙarar janareto ta danne maganar jarumi, da mai zana fasta, da mai rubuta fassarar Ingilishi a ƙasan hoto. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya mana a rai. Sau nawa ɗaliban sashen Ingilishi suka ɗauki hoton wata fassara mai ban dariya a fim ɗin Hausa suka yi ta yaɗawa suna sheƙa dariya? Cikin masu dariyar nan, mutum nawa ne suka koyi yadda ake ɗora rubutu a kan fim daidai da motsin baki, suka je suka ce wa mai shiri ga mu, za mu yi maka wanda ya fi wannan? Aikin yana nan, ana biyan wani yana yin sa yadda ya iya, mu kuma masu ilmin harshen muna gefe muna tafi.

Haka abin yake a duniyar littattafai. Marubutanmu, galibinsu mata, sun koma sayar da labaransu ta waya, kuma kowane littafi yana son bango mai kyau da shafi mai daɗin karatu. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da matan da ke sayar da turaren wuta da kayan ɗaki daga cikin gidajensu sun gane cewa hoton da aka ɗauka da haske mai kyau yana sayar da atamfa fiye da dogon bayani. Hukumomi da ƙungiyoyin lafiya kullum suna neman wanda zai mayar musu da saƙon rigakafi ko na tsabtar ruwa zuwa ɗan gajeren bidiyo cikin Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane. Kasuwar kuwa ba ta tsaya a Nijeriya ba, domin abin da aka yi a Kano ko Zariya ana kallonsa a Maraɗi da Damagaram, da zangon Kumasi, har Sudan.

A nan ne muke son a fahimce mu da kyau, domin shi ne gundarin maganarmu. Ba muna cewa ɗalibi ya bar abin da ya kawo shi jami'a ya koma gasa da yaron shagon fasta ba. In gasar danna maɓalli ce, yaron nan zai kayar da mu, gama shi yana kan aikin daga safe har dare. Abin da ɗan jami'a yake da shi wanda shago ba ya sayarwa shi ne ilmin da zai zuba a cikin aikin. Ɗalibar harhaɗa magunguna da ta iya shirya bidiyo na minti biyu tana bayyana haɗarin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba ta mallaki abin da mai kyamara ba shi da shi, ta kuma mallaki abin da sauran 'yan ajinta ba su da shi. Ɗalibin aikin gona da ya iya zana hoto mai nuna tazarar shuka da lokacin zuba taki ya fi amfani ga manomi da kamfanin iri bisa wanda ya haddace littafi kaɗai. Ɗalibin shari'a da ya iya tace muryarsa ya fitar da shiri a kan haƙƙin ɗan haya ko ƙa'idar rabon gado ya soma tara masu neman shawararsa tun bai sa baƙar riga ba. Ɗalibin tarihi da ya iya ɗaukar murya da hoto yana iya ceto abin da ke cikin kawunan tsofaffin unguwarsu kafin ƙasa ta rufe musu ido. Wanda zai koyar kuwa, ai ba sai an faɗa ba. Ranar da mutum ɗari suka jeru da digiri iri ɗaya suna neman gurbi biyu, mai ɗaukar aiki ba takarda zai duba ba, tun da duk ɗaya ce. Zai tambaya ne, me ka taɓa yi da hannunka in gani?

Akwai kuma wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Mu jikokin mutanen da suka san ado ne. Wanda ya taɓa tsayawa ya dubi zayyanar allon mai sauka, ko aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagin da magina ke fitarwa a fuskar soro, ko zanen da ake ƙona wa ƙwarya, ya san idon Bahaushe ya daɗe da sanin daidaito da launi. Amma duba fastocin da ke manne a bangon makarantar nan. Kusan dukkansu daga samfurin da ke cikin Canva aka kwaso su, an sake suna da kwanan wata kurum, har fastar maulidi da ta gasar ƙwallo sun zama 'yan uwan juna. Wanda ya zauna ya mayar da zane-zanen nan namu cikin kwamfuta, ya ƙera haruffa masu kyau da suka ƙunshi masu lanƙwasa, na boko da na ajami, zai sami kasuwa, kuma zai yi wa harshen hidimar da za a daɗe ana amfana da ita. In ba mu yi ba, wani daga waje zai zo ya yi ya sayar mana.

Ba za mu ɓoye wahalhalun da ke ciki ba. Na farko kayan aiki. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kwamfutar tafi-da-gidanka ko ta hannu ce ta fi ƙarfin ɗan talaka, ga wuta ba ta zama, ga data tana cin kuɗin abinci. Wannan gaskiya ce. Amma gaskiya ce kuma cewa manhajoji irin su Inkscape na zane, da Audacity na murya, da Blender na katun, da Scribus na tsara shafi, duk kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Waya mai matsakaicin ƙarfi ta isa mutum ya fara, ko da ba za ta kai shi ƙarshe ba. Gwamnatin tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku, kuma cikin fannoninsa har da zanen katun da tsara fuskar manhaja. Nawa ne a cikinmu suka ko cika takardar nema?

Na biyu shi ne wanda ya fi tayar wa masu wannan sana'a hankali a ko'ina cikin duniya, watau ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, da ire-irensa masu zana hoto, mutum yana iya rubuta jimla guda na'ura ta fitar masa da fasta kafin shayinsa ya huce. Masu cewa wannan ba zai taɓa abincin kowa ba suna yaudarar kansu. Ƙaramin aiki mai araha, irin na sake suna a kan samfuri, lalle na'ura za ta cinye shi, ta ma fara. Sai dai mun gwada da kanmu, mun ce ta zana mana Bahaushe a kasuwa, ta ba mu mutum da rawanin wata ƙasa, da rubutu a allon shago wanda ba Hausa ba ne, ba kuma wani harshe ba ne. Za ta gyaru, ba mu musu, kullum ƙara ƙwarewa take yi. Amma ko ta gyaru, sai an sami mutumin da zai gaya mata abin da ake so, ya dubi abin da ta kawo ya ce wannan daidai ne, wannan zai ɓata wa mutane rai, wannan ƙarya ne. Mai wannan hukunci shi za a riƙa biya. Ba kuwa a samun idon hukunci sai an yi aikin da hannu an san daɗinsa da ɗacinsa, an kuma san harshen da al'adar da fannin da ake magana a kai. Saboda haka zuwan na'urar nan ƙarin dalili ne ga ɗan jami'a ya shiga, domin rabin abin da ake bukata shi ne abin da ake koya mana a aji.

Na uku gargaɗi ne ga waɗanda suka riga suka shiga. Mun ga waɗanda daɗin kuɗin fastocin zaɓen 2023 ya ɗebe su, suka daina zuwa lacca, zaɓe ya wuce, 'yan siyasa suka tafi da bashinsu, su kuma suka tashi da darussan maimaici. Wanda ya saki digirinsa saboda sana'a ya zubar da abin da ya bambanta shi da kowa. Kada kuma wani ya ruɗe mu da labarin arziki cikin dare. YouTube ba ya fara raba kuɗin tallar dogon bidiyo da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma da yawa sun gaji sun bari tun ba su kai rabi ba. Sana'a ce kamar kowace, tana da shekarun koyo, tana da abokan ciniki masu cewa a yi musu don zumunci. Ga kuma zargin da ke bin duk saurayin da aka gani da kwamfuta a jaka, saboda ɓarnar 'yan damfara. Maganin wannan shi ne a ga aikinmu a fili, da sunanmu a ƙasa, har iyaye su san abin da ɗansu yake yi in ya kwana gaban allo.

Da yake matsalar kayan aiki ta fi ƙarfin ɗalibi guda, wajibi ne mu juya ga ƙungiyarmu. Kowace shekara muna biyan kuɗin ƙungiya, kuma kowa ya san kaso nawa ke tafiya wajen shagulgulan makon ɗalibai da rigunan da ba a sake sawa. Muna roƙon shugabanninmu su nemi ɗaki guda daga hukumar makaranta, a sa masa kwamfuta ko biyar ce da faifan hasken rana, ya zama wurin koyo. Malamai ba sai an ɗauko daga waje ba. A kowane ɗakin kwana akwai wanda ya iya wani abu yana ɓoyewa, sai a ba shi ɗan abin sabulu ya koyar ranar Asabar. A keɓe wa 'yan'uwanmu mata sa'o'insu, gama su ne sana'ar nan za ta fi yi wa rana, tun da ana iya yin ta daga cikin ɗaki ko bayan aure, kuma mun san in aka haɗa layi ɗaya maza za su mamaye kujerun. Sa'an nan a kafa doka cewa duk aikin zane da ɗab'i na ƙungiya, daga fasta har kalanda har wannan mujalla da kuke karantawa, ɗalibai za a fara ba, a kuma biya su kamar yadda za a biya na waje. Muna kuma roƙon masu kula da darasin koyon dogaro da kai, wanda ya zama tilas a kanmu duka, su karɓi fim ko tsararren littafi a matsayin aikin jarrabawa kamar yadda suke karɓar sabulu da man shafawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waɗanda ke aji huɗu tafiyarsu ta zo. Za mu gabatar da waɗannan bukatu a rubuce a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa. Kafin nan mun ajiye littafi a ofishin ƙungiya. Duk wanda ya iya wani abu daga cikin sana'o'in nan, ko kaɗan ne, ya zo ya rubuta sunansa da sashensa, da manhajar da ya iya, da ranar da yake da sarari. Masu son koyo su rubuta nasu daga bayan littafin.